Ɗakin Baya, Mita Huɗu da Uku

Río Grande, 9 ga Maris, 2004

Baffa Anselmo,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni ce Zulema, 'yar ƙanenka Ítalo, in ba ka manta ya bar 'ya ba. Kusan shekara talatin rabon da mu ga juna, amma na san wasiƙar nan za ta same ka, don an ce har yanzu kana gidan shugaban tasha a Tres Molles, ko da yake jirgin ƙasa ya daina tsayawa a can shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ni lafiyata ƙalau, sai ciwon wuya na yawan sunkuyo. Ina aiki a kamfanin haɗa talabijin, ina liƙa wayoyi daga safe zuwa yamma. Mama ta rasu bara waccan a Bahía Blanca. Ban sanar da kai ba don ita ta ce kada a yi.

Ga abin da ya sa na rubuto. A tsibirin nan babu jirgin ƙasa ko na magani, shi ya sa ni da abokan aikina biyu muka ɗauki harkar ƙananan jirage masu tafiya da lantarki, waɗanda aka rage girmansu sau tamanin da bakwai. Tarago ɗaya bai kai taƙi ba. Ba irin wanda ke zagaye tebur ba gaira ba dalili nake so ba. So nake in gina tasharmu yadda take a 1974, jiragen kaya zalla, kowane tarago da katinsa: me ya ɗauko, daga ina, wane layi za a ajiye shi.

Ina da ɗakin baya, mita huɗu da uku. Ba komai a ciki sai kabad da gado ɗaya da ba mai kwana a kansa. Na zana yadda tashar za ta zauna a jikin bango ɗaya, ga zanen nan na haɗo. Ina da shekara tara na bar garin, na san akwai kuskure. Duk duniya kai kaɗai ka rage da ya san wurin. Ka duba mini.

Zulema

Tres Molles, 24 ga Maris, 2004

'Yata Zulema,

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku. Allah ya ji ƙan mahaifiyarki Ofelia. Mace ce mai riƙo, na ga har kabari ta tafi da shi.

Lafiya kam da sauƙi. Kunnena na hagu ya yi ritaya, na dama yana jiran takardarsa. A watan Janairu na faɗi a bakin famfo, na yi wuni a ƙasa kafin Don Cosme mai burodi ya leƙo. Tun ranar wata yarinya daga ofishin walwala, Marisa, take yi mini sintiri da fayil a hammata. Ƙaramar hukuma tana son gidan nan ƙarshen Nuwamba, wai za a mai da tashar gidan tarihi. Na ce mata, "To ku bar ni a ciki mana, ai ni ne tarihin." Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta samo mini gado a gidan tsofaffi na birni, ɗaki ɗaya mutum huɗu. Ɗana Rubén yana Sifen, Kirsimeti biyu ke nan ban ga ko kati ba.

Yanzu zanenki. 'Yata, wannan ba tasha ba ce, matsefi ne aka ajiye a kan takarda. Mace da jirgin ƙasa! Amma da tsohuwar zuma ake magani, buɗe kunnenki. Layi biyar ne, ba huɗu ba. Na ɗaya babban layi. Na biyu na kaucewa. Na uku sito na alkama. Na huɗu wurin loda shanu. Na biyar sikeli da rumfar kayan ɗaiɗai. Kin rubuta wai layi na biyu yana ɗaukar tarago tara. Wa ya gaya miki? Sha huɗu yake ɗauka, ban da kan jirgi da taragon gadi. Shekara ashirin da shida ina ƙirga su kowace safiya. Sannan ba ki bar wutsiya ba. In babu wutsiyar layi bayan mahaɗar layi ta gabas, ta ina kan jirgi zai ja taragu baya ya rarraba su? Ta sama?

Batun gadon da ba mai kwana a kansa, na gane hannunka-mai-sanda. Kina da kunya irin ta gidanmu, ba za ki fito fili ki ce "Baffa zo" ba. Allah ya yi miki albarka. Ni ba ni da yawan kaya, ba ni da yawan ci.

Baffanki,
Anselmo Bertolotti
Shugaban Tasha

Río Grande, 15 ga Afrilu, 2004

Baffa,

Ina gaisuwa. Sannu da faɗuwa, Allah ya ƙara sauƙi. Nan sanyi ya fara shigowa, iska kuwa ba ta taɓa fita ba balle ta dawo.

Na gode da gyara. Na lissafa: tarago sha huɗu da kan jirgi da taragon gadi sun haura mita biyu da rabi, in aka haɗa da mahaɗun layi bango ɗaya ya cika taf. Wutsiyar dole ta lanƙwasa ta bi bango na biyu. Na fitar da kabad zuwa falo. Abokina Fabián, wanda ke yanka mana katako, ya ce, "Zule, ki rage zuwa tara mana, wa zai zo ya ƙirga?" Na ce masa baffana ya ce sha huɗu, kuma baffana bai taɓa rage wa doka ko santimita ɗaya ba don jin daɗin wani.

Na soma rubuta katunan. Alkama na gane: tarago ya zo fanko, a ajiye a layi na uku, kwana biyu ya cika, ya tafi bakin teku. Shanu ma haka. Amma ina tuna wasu taragu farare fat, har ƙafafunsu, da kan shigo daga kudu da hantsi. Baba yakan dawo gida leɓensa a tsage. Gishiri ne ko? Ta ina suke shigowa? Ban ga hanyarsu a gyaranka ba. In wahala ce ka bari, sai in ce duk alkama ce.

Gadon yana nan inda yake.

Zulema

Tres Molles, 3 ga Mayu, 2004

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Ƙuguna yana tsungulina in hadari ya haɗo, in ba haka ba ƙalau.

"Sai in ce duk alkama ce." Kin ji ki! Halin ubanki sak. Shi ma haka yake, komai a wurinsa "ai duk ɗaya ne". Da ya saurare ni ya daina shiga tsakanin taragu jirgi bai gama tsayawa ba, da yanzu shi ke amsa miki tambayoyin nan, ba ni ba. Allah ya ji ƙansa, amma gaskiya ɗaya ce.

Gishiri ne ya ciyar da garin nan, alkama wata uku ce kawai a shekara. Akwai reshe da ke ɓallewa daga babban layi ta yamma, ya yi kudu kilomita sha tara zuwa tafkin gishiri. Ba sai kin gina sha tarar ba, amma dole reshen ya fita daga tasha ya ɓace wa ido, ya ƙare a layi biyu na lodi. Jirgin gishiri Litinin, Laraba, Juma'a. Kuma taragon gishiri ba ya zuwa ko'ina sai ya hau sikeli a layi na biyar. Taragon da ya ɗauki gishiri ba a zuba masa alkama sai an wanke. Ki rubuta wannan a bayan kowane kati.

Wani labari. Marisa mai fayil ta zo ranar Talata, wai in sa hannu a karɓi gadon birni kafin a ba wani. Na ce, "Ba wa wanin. Ina da 'ya a kudu, ta ware mini ɗaki." Ta ce, "Don Anselmo, ka tabbata? Mutum sittin ke jira. In ka saki, ka koma ƙarshen layi." Na ce, "Yarinya, tun ba a haifi uwarki ba nake tsara layi." Na sa hannu na saki. Don Cosme ya ce zai karɓi kanarina, don tsuntsu ba zai jure sanyinku ba.

Ki gaya mini, bargo nawa zan zo da shi? Kuma kuna samun ganyen shayinmu na mate mai kyau a can, ko in cika akwati?

Baffanki

Río Grande, 30 ga Mayu, 2004

Baffa,

Ina gaisuwa, ina lafiya.

Reshen gishiri ya shiga, ya cinye bango na uku har bakin taga. Na ja gadon zuwa tsakiyar ɗaki. Ana iya ratsawa ta gefensa in an karkace.

Abu ɗaya ya rage. Kan jirgin da ya dawo daga tafkin gishiri yana shigowa da fuskarsa a gabas, alhali yamma zai koma. Ban san yadda kuke yi ba. Fabián ya ce ba matsala, a sa hannu a ɗaga shi a juya, ai bai fi kofin shayi nauyi ba. Ina ganin haka za mu yi, in ba ka da ta cewa.

Zulema

Tres Molles, 21 ga Yuni, 2004

Zulema,

Ina gaisuwa. Kwana tara wasiƙarki tana kan tebur ban amsa ba. Mura ce ta kama ni.

Ki gaya wa Fabián ɗin nan, wanda ya sa hannu ya ɗaga kan jirgi daga layi, wasan yara yake yi, ya je ya sayi mota mai zare. Kan jirgi tan saba'in ne. Ba hannun da ke saukowa daga sama a Tres Molles.

Muna da alwatika. Bayan layin shanu, layi biyu ke fita su haɗu a can cikin fili wajen tankin ruwa. Kan jirgi ya shiga ta ɗaya da gaba, ya fito ta ɗaya da baya, shi ke nan ya juya. Na zana miki a takarda mai gida-gida, da awon kowace lanƙwasa. Kada ki matse lanƙwasar, tarago mai dogon ciki zai sauka. A awonku, ƙarshenta zai shigo cikin ɗaki mita ɗaya da santimita tamanin daga bango.

Haka yake a ƙasa, haka na zana. Ke ce mai ɗaki, ke za ki ga abin da ya shiga da abin da bai shiga ba.

Ba ki ce komai kan bargo ba.

Baffanki

Tres Molles, 6 ga Satumba, 2004

'Yata Zulema,

Ina fata lafiya. Wata biyu da rabi shiru. Kullum ina zuwa gidan waya, har yarinyar wurin takan girgiza mini kai tun daga taga don kada in wahala da hawa matakala. Na ce ƙila dusar ƙanƙara ce ta tare hanya.

Masu fenti sun fara ɗakin jira. Sun kwashe fitilun da ke ɗakin baya sun jera a akwatin gilashi. Don Cosme ya ɗauki tsuntsun. Na haɗa akwati ɗaya. Marisa ta ce bas kwana biyu yake yi zuwa wurinku, a tsallake ruwa, kuma dole wani ya tare ni. Ki ba ni rana kawai. In kin ga na yi kaushin baki a kan ubanki, tsufa ne.

Baffanki

Río Grande, 11 ga Oktoba, 2004

Baffa,

Ina gaisuwa. Ba dusar ƙanƙara ba ce, aiki ne ya yi mini yawa. Alwatika ba ƙaramin aiki ba ce, wayoyinta kaɗai sun ci mini Lahadi huɗu.

Ta shiga, Baffa. Yadda ka zana, ban matse ko lanƙwasa ɗaya ba. Ranar da kan jirgi ya fara juyawa da kansa Fabián har tafi ya yi. Gadon mita ɗaya da casa'in ne, ka san lissafi ya fi ni. Bai samu wuri ba, na ba da shi ga wata abokiyar aikina da 'yarta ta girma.

Ka koma ka karanta wasiƙuna uku. Nuna mini inda na ce ka zo. Na ce akwai ɗaki, na ce akwai gado. Mama ma haka ta ce maka.

Bari in tuna maka, tunda kai tarihi ne. Baba ya mutu a watan Nuwamba. Doka ta ba iyalin ma'aikaci kwana talatin su bar gidan reluwe. Mama ta riƙo hannuna muka zo ofishinka, kana shan mate, ba ka miƙa mata ba. Ta ce, "Anselmo, ɗakin bayanka babu kowa. Ka bar mu zuwa ƙarshen zangon makaranta mai zuwa, ni da yarinyar. Zan yi ɗinki, ba za ka ji motsinmu ba." Ka ce, "Ofelia, ɗakin fitilu ne, yana cikin lissafin kayan tasha. Kuma ko an kwashe, ba zai ɗauke ku ba." Ta ce, "Jinin ƙanenka ce fa." Ka ce, "Ba ni na rubuta dokar ba."

Kwana na talatin ya faɗo Alhamis, jirgin fasinja sai Asabar. Kwana biyu, Baffa. Ka ce ba ka da ikon ƙara ko ɗaya. Ka ba mu taragon kaya kyauta, har kana jira a gode maka. Awa goma sha huɗu muka yi a ciki, yana warin fatar shanu, Mama ta rungume keken ɗinki don kada ya faɗi. Da muka sauka na ɓalle katin da ka liƙa a ƙofar. Yana hannuna har yau, da kyakkyawan rubutunka: "Kayan gida. Keken ɗinki ɗaya. 'Yan rakiya biyu."

Na tsane ka tun ina shekara tara, kuma ban gaji ba. Na yi zaton in na ga wasiƙarka ta Satumba zan ji tausayi. Na karanta, na ci abincina, na koma kan wayoyina.

Ban yi maka ƙarya ba ko sau ɗaya. Tambaya kawai na yi ta yi. A kowace wasiƙa na bar maka ƙofa: tara, alkama, hannu. Da ka ce "ai duk ɗaya ne" sau ɗaya tak, irin na Baba, da gadon yana nan. Ban san me zan yi ba da ka faɗa. Amma na san ba za ka faɗa ba.

Na gina taragonmu, na yi masa kati irin na asali. Kowace Lahadi ina ajiye shi a layi na uku, jirgin yamma ya ɗauke shi. Ga naka katin na haɗo. Na cike abin da na sani: "Tsoho ɗaya. Akwati ɗaya. Daga Tres Molles." Wurin "zuwa" na bar maka, kai ne shugaban tasha.

Zulema, 'yar Ítalo da Ofelia

Tres Molles, 2 ga Disamba, 2004

Zulema,

Ina gaisuwa. Lafiya dai ga ta nan.

Kin zaci ban ƙirga ba? Ba mura ce ta kama ni a watan Yuni ba. Kwana tara na yi da abin awo da takarda, ina juya gadon nan ta kowace fuska. Na ma zana wata alwatika ƙarama, matsattsiya, wadda za ta bar wa gado wuri. Na sa ta a ambulan har na lashi bakinsa. Sai na ga ba tamu ba ce, tarago mai dogon ciki ba zai bi ta ba. Na yaga, na aiko miki ta gaskiya, na zauna ina fata ke ki ce ba ki da wurinta. Ashe jinina ne a jikinki, ba na Ítalo ba. Wannan kuma sai ki ji da shi.

An buɗe gidan tarihi ranar Lahadi, da makaɗa da gasasshen nama. Ni na zama na sittin da ɗaya a layin gidan tsofaffi. Marisa ta roƙa mini, an ce in zauna a ɗakin baya kafin wuri ya samu, wato kafin mutum sittin su samu ko su mutu. Sharaɗi ɗaya: in rufe ƙofa in baƙi sun zo. Tunda an kwashe fitilun, jiya na auna shi. Ban taɓa aunawa ba. Gado biyu za su shiga, da keken ɗinki a gindin taga, har da wurin wucewa.

Katinki na ajiye. Ba a cike wurin "zuwa" sai tashar da za ta karɓa ta amsa.

Akwai kuskure a aikinki. Taragonku ba a layi na uku ya tsaya ba. Disamba ce, kakar alkama, layi na uku a cike yake. A layi na biyar na sa shi, bayan sikeli, na uku daga ƙarshe. Lambarsa 40718. An yi yayyafi da safe. Ƙofar kudu ce a buɗe, kina zaune a kan ƙunshin katifa, takalminki ɗaya ba igiya. Jirgin ya tashi ƙarfe uku da minti goma, a kan lokaci. Ki gyara.

In kina sa ƙananan mutane a tashar, ki sa ɗaya a bakin ofis, da hula, agogo a hannunsa. Irin waɗanda ake sayarwa yawanci hannunsu a ɗage yake, suna sallama. Kada ki sa irin wannan. Ke kin ɗaga mini hannu har jirgin ya wuce tankin ruwa. Ni ban ɗaga ba.

Anselmo